Jini a Ƙaramin Ciki: Kafin a Nemi Maganin Riƙewa

Da la'asar sakaliya suka shigo, uwar miji a gaba, yarinyar a baya tana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Wata biyu ke nan ba ta ga al'adarta ba, yau kuma kwana uku tana ganin jini, ɗigo-ɗigo, wani lokaci ja, wani lokaci ƙasa-ƙasa. A kwana ukun nan an kwantar da ita an tada ƙafafunta da filo biyu, an hana ta ko sharar ɗaki, an ba ta jiƙo, mai kemis na bakin layi ya zo har gida ya yi mata allura biyu da ba wanda ya riƙe sunansu. Da na tambaya ko an yi mata hoton ciki, Hajiyar ta dube ni ta ce, "Sista, hoto kuma na me? Ciki dai mun san akwai shi. Ku ba ta abin da zai riƙe shi kawai."

Na ji wannan magana ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma ban taɓa ganin laifin mai faɗinta ba. Wanda ya ga ruwa na zuba daga tulu, toshe hudar zai fara nema. Sai dai ciki ba tulu ba ne, kuma a ɗakin mata mun koyi cewa akwai tambaya biyu da ke gaban maganin riƙewa: a ina cikin yake zaune, kuma yana raye? Duk abin da za a yi wa mace a rataye yake a wuyan waɗannan amsoshi. Wanda ya tsallake su ya miƙa magani, canke ya yi, kuma da ran mace ya yi canken.

Abin da likitoci ke nufi da barazanar ɓari abu ne ƙayyadadde. Jini ya fito, galibi a watanni ukun farko, da ciwon mara ko babu, amma bakin mahaifa a rufe yake, kuma hoto ya nuna cikin yana cikin mahaifa da ransa. In bakin mahaifa ya riga ya buɗe, an wuce barazana, ɓarin ya kama hanya. In tayin ya daina rayuwa amma bai fita ba, wannan ma wani abu ne daban. Ga shi kuma dukkansu da ɗigon jini iri ɗaya suke farawa, don haka ba ungozomar da za ta dubi zane ta gane wanne ne, komai daɗewarta a aiki.

Jini a farkon ciki ya fi yadda ake zato yawa. Kusan mace ɗaya cikin huɗu tana ganinsa. Wani daga bakin mahaifa yake fitowa, don shigar ciki na sa wurin ya yi laushi ya cika da jijiyoyin jini, ko saduwa ma kan iya sa ya ɗiga. Wani kuma ɗan gudan jini ne da ya taru tsakanin jakar tayi da bangon mahaifa, wanda yawanci jiki ke shanye shi da kansa. Wani ciwon sanyi ne ke kawo shi. Sau da yawa ma a bincika a rasa dalili, jinin ya ɗauke, cikin ya ci gaba da girma. In aka ga bugun zuciyar tayi a hoto, kusan tara cikin goma na irin wannan ciki suna wucewa lafiya. Wannan albishir ne na gaske, kuma mata da yawa suna kwana da kuka saboda ba wanda ya faɗa musu shi.

Amma bari in fara da mai kisa, don shi ne dalilin da ya sa nake matsa wa mutane a kan hoto.

Ciki ɗaya zuwa biyu cikin kowane 100 ba ya isa mahaifa. Yakan maƙale a siririn bututun da ƙwai ke bi, ya fara girma a can. Shi ne cikin wajen mahaifa. Gwajin fitsari zai nuna akwai ciki, laulayi na nan, nono ya cika, komai dai kamar na kowa. Bututun kuwa bai fi tsinken tsintsiya kauri sosai ba, ba zai iya ɗaukar abin da ke girma kullum ba, sai ya fashe, yawanci tsakanin mako 6 da 10. Jinin da ke fita waje kaɗan ne, mai yawan yana zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Ba zan manta da wata baiwar Allah da aka kawo mana cikin dare a A Daidaita Sahu ba. Mako guda tana kwance a gida ana ba ta maganin riƙe ciki. Ƙunzugunta da ƙyar ya ɓaci, har mijin yana cewa ai jinin ma ya tsaya. Da na buɗe tafin hannunta fari fat yake kamar takarda, jikinta sanyi ƙalau ga gumi, tana ta cewa kafaɗarta ta dama ke mata ciwo. Ciwon kafaɗar nan jinin da ya taru ne ya hau har ƙarƙashin haƙarƙari yana taɓa jijiya. Aka shiga da ita tiyata a guje, aka yi mata ƙarin jini, Allah Ya yi da sauran kwananta. Da an haska ta tun ranar farko, da ba a kai ga haka ba. Macen da ta taɓa yin ciwon sanyin da ya hau sama, ko aka taɓa yi mata aiki a bututun, ko ta taɓa yin irin wannan cikin, ko ciki ya shiga alhali tana da robar tsarin iyali a mahaifa, ita ce ta fi kusa da wannan haɗari. Amma yana samun wadda ba ta da ko ɗaya daga ciki.

Shi hoton ma yana da nasa tarkon, kuma nan ne nake so masu karatu su tsaya su natsu. Iri biyu ne: wanda ake shafa wa mace man nan mai sanyi a mara a ɗora na'ura, da wanda ake saka siririyar na'ura ta gaba. Na biyun ya fi gani a ƙaramin ciki, yana iya nuna bugun zuciya tun wajen mako 6, na mara kuwa sai an ƙara kamar mako guda. Mata da yawa suna ƙin sa saboda kunya ko tsoron kada ya taɓa cikin. Ba ya taɓa shi, iyakarsa farji, bakin mahaifa kuma a rufe yake. Mace tana da haƙƙin ta nemi mace 'yar'uwarta ta yi mata in akwai, ko a tsayar mata da ma'aikaciya a ɗakin. Bayan wannan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tarkon shi ne lissafi. Likita yana ƙirga makonnin ciki daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Mu kuwa da wata muke lissafi: "tun cikin Sha'aban," "bayan ƙaramar salla." Mai kwanika ma, wadda ciki ya shiga tana shayarwa ba ta ga al'ada ba, ba ta da ranar da za ta kama. To sai a zaci ciki ya kai mako 8 alhali mako 5 ne, a haska ba a ga bugu ba, a ce ya mutu, a tura ta wankin ciki washegari. Saboda gudun wannan ne aka kafa ƙa'ida mai tsauri. A tsarin da NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta shimfiɗa, in tsawon tayi bai kai milimita 7 ba kuma ba a ga bugu ba, ko jakar ruwan ba ta kai milimita 25 ba kuma ba a ga tayi a ciki ba, ba a yanke hukunci. Sai a sake hoto bayan aƙalla kwana 7, in kuma ta mara aka haska, bayan kwana 14. Ko an kai wannan ma'auni ma, ana so wani ƙwararren ya sake dubawa ko a maimaita hoton. Ga shagunan sikanin sun cika gari, wasu masu riƙe na'urar ba su da horo mai zurfi. Duk macen da aka ce wa ƙaramin cikinta ya mutu a hoto ɗaya tak, in dai ba jini take zubarwa sosai ba kuma ba zazzaɓi, ta tambaya milimita nawa aka auna, ta nemi a sake. Jiran mako guda ba ya cutar da wadda tayinta ya riga ya mutu, amma yana tsirar da wanda ke raye.

In hoto bai nuna komai a mahaifa ba kuma gwaji ya ce akwai ciki, sai a koma ga jini. Ana auna sinadarin ciki da ake kira hCG sau biyu, tsakaninsu awa 48. A ciki mai lafiya yakan haura sosai, kusan ninki. In ya faɗi fiye da rabi, cikin na tafiya ne. In kuma ya tsaya yana jan ƙafa, bai hau ba bai sauka ba, to a sa ido sosai a kan cikin wajen mahaifa.

Yarinyar da Hajiya ta kawo, a wannan tsaka-mai-wuya ta faɗa. Jaka na cikin mahaifa, alhamdu lillahi, tayi milimita 4, ba bugu tukuna. Muka ce su dawo bayan mako guda. Hajiya ta ce, "Haka kawai za mu koma, ba ko allura?" Yarinyar kuwa ba ta ce uffan ba sai da Hajiya ta fita neman ruwa, sannan ta matso ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Anti, ranar da abin ya fara na yi surfe, kuma na hau acaɓa zuwa gidanmu. Ni na jawo ko?"

Wannan tambaya ta fi jinin ciwo. Amsarta kuwa a'a ce. Mujallar Lancet ta fitar da jerin nazari a 2021 da ya ƙiyasta cewa ana yin ɓari miliyan 23 a duniya duk shekara, wato kusan kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shigarsa. Kimanin rabin ɓarin farkon ciki daga tayin kansa matsalar take. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da ƙullin gado 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Wajen haɗuwa ko rabuwar farko sai a sami ƙari ko ragi, ginin ya tashi a karkace tun daga tushe, ya yi 'yan makonni ya tsaya. Wannan ya faru tun kafin mace ta san ta yi ɓatan wata. Ba surfe a ciki, ba hawa babur, ba tsallake kwata, ba faɗa da miji. Shekaru ma suna da hannu: nazarin ya nuna haɗarin yana wajen kashi 12 ga 'yan shekara 20 zuwa 29, ya haura har kashi 65 ga wadda ta kai 45. Akwai kuma ciwon suga da ba a kula da shi ba, ciwon maƙoƙo, ƙiba mai yawa ko rama mai yawa, taba da hayaƙinta. Na ga gidajen da ɓari ɗaya ya raba zumunci, aka ɗora wa kishiya sammu, aka ɗora wa maƙwabciya baki, aka ce da yarinya mahaifarta ba ta riƙo. Mace tana cikin jimamin abin da ta rasa, a ƙara mata da tuhuma.

Daga nan ne za a fahimci zancen kwanciya. Kowa ya yarda da ita, har da ma'aikatan lafiya da yawa, don hankali na ba mutum cewa abin da ke son faɗowa, in an kwanta zai zauna. Amma tayi ba nauyinsa ke fito da shi ba. A manne yake a bangon mahaifa, kuma a mako 7 bai fi ƙwayar wake ba. Da masu bitar bincike na Cochrane suka tattara abin da aka gwada a 2005, gwaji biyu kacal suka samu, mata 84, kuma ba su ga shaidar cewa kwanciya na hana ɓari ba. Illarta kuwa sananniya ce. Jinin mai ciki yana saurin daskarewa, doguwar kwanciya na iya sa gudan jini ya toshe jijiyar ƙafa, ya ɓalle ya tafi huhu. Ga mace ita kaɗai a ɗaki tana kallon rufi tana saƙe-saƙe. Mafi muni, in cikin ya zube sai ta ce don ta tashi ta ɗora tukunya ne. Ni dai abin da nake faɗa wa dangi shi ne, a ɗauke mata daka da jan guga da ɗaukar itace, don mai zubar jini da jiri ta cancanci a tausaya mata. In ta gaji ta kwanta. Amma ta tashi ta yi alwala, ta zaga tsakar gida, ta zauna cikin mutane. Saduwa ba a tabbatar tana jawo ɓari ba, sai dai yawancin likitoci kan ce a dakata har jinin ya ɗauke, kuma maigida mai hankali ba sai an roƙe shi wannan ba.

To maganin riƙe ciki fa, babu shi ke nan sam? Akwai guda, amma ba na kowa ba ne. Sunansa furojestaron, sinadari ne da jikin mace ke yi da kansa don ya shimfiɗa wa tayi wurin zama. Da farko ma'ajiyar ƙwan mace ke samar da shi, daga wajen mako 10 mabiyiya ta karɓi aikin. An shekara da shekaru ana ba mata shi bisa zato, har sai da Farfesa Arri Coomarasamy na jami'ar Bamingam da abokan aikinsa suka yi babban gwajin da ake kira PRISM, wanda aka buga a 2019. Mata 4,153 masu zubar jini a ƙaramin ciki, a asibitoci 48 na Birtaniya, aka raba su biyu. Rabi aka ba su maganin na matsi, miligiram 400 safe da yamma har mako 16, rabi aka ba su mai kama da shi wanda ba komai a ciki. Masu magani kashi 75 suka haihu lafiya, marasa magani kashi 72, tazarar da ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Da aka tsefe alƙaluman sai hoton ya fito. Wadda ba ta taɓa ɓari ba, maganin bai ƙara mata komai ba. Wadda ta taɓa yi ko sau ɗaya, 75 ne da 70. Wadda ta yi sau uku ko fiye, 72 ne da 57, ko da yake waɗannan ba su da yawa a gwajin. A kan haka NICE ta sauya shawararta a Nuwamba 2021: a ba mace wannan magani in tana zubar da jini, ta taɓa yin ɓari, kuma hoto ya tabbatar cikin yana cikin mahaifa. In an ga bugun zuciya a ci gaba har mako 16.

A lura da sharuɗɗan nan uku, don a kasuwarmu an zubar da su. Ana rubuta Cyclogest ko Duphaston, wato magungunan furojestaron da ke kasuwa, ga duk wadda ta ce ta ga ɗigo, wani lokaci ta waya. Mu yi lissafi: daga mako 6 zuwa 16 mako 10 ne, biyu a rana, guda 140 ke nan. Magidanci zai sayar da akuya ya saya wa amarya mai cikin fari maganin da bincike ya nuna ba zai ƙara mata komai ba, alhali kuɗin hoto bai kai rabin haka ba. Kuma furojestaron ba ya gyara tayin da ƙullin gadonsa ya karkace, ba ya tada wanda ya mutu, ba ya janyo na bututu zuwa mahaifa. Abin da yake yi wa mai cikin waje shi ne ya kwantar wa danginta da hankali har lokaci ya ƙure.

Na kemis ya fi ba ni tsoro. Primolut N da mata suka sani na ɗage al'ada lokacin azumi ko aikin Hajji, ba maganin riƙe ciki ba ne, an ma hana mai ciki shan sa. Sai kuma abin da ake kira "maganin tsayar da jini." Cytotec da allurar oksitosin da ta agometirin suna tsayar da jini bayan haihuwa, gaskiya ne, amma ta hanyar matse mahaifa suke yi. Ka ba mai ciki rayayye abin da ke matse mahaifa, ka taya ɓarin ne. Na ciwon mara, farasitamol ya isa. A guji ibuprofen da diclofenac da Feldene. Asfirin da allurar tsinka jini suna da wurinsu ga matan da gwaji ya nuna suna da wata cuta ta daskarewar jini, ba a shan su da ka. Jiƙo da saiwoyi kuwa ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kofi ɗaya, kuma a cikin itatuwanmu akwai masu tada naƙuda. Addu'a da sadaka a yi ta yi, ba su taɓa hana kowa zuwa asibiti ba. Folik asid a ci gaba da sha, amfaninsa kare ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri ne.

Akwai abu ɗaya da littattafan Turai ba sa tsayawa a kansa, mu kuwa dole mu tsaya: zazzaɓin cizon sauro. Yana zubar da ciki, kuma yana da magani. Duk mai ƙaramin ciki da ke zubar da jini ga zazzaɓi, a gwada ta a ranar. Da can ana tsoron ba mai ƙaramin ciki Coartem, sai kinin, wanda mata da yawa ba sa iya ƙarasawa saboda ɗaci da jiri da toshewar kunne. A Nuwamba 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da haɗin da ke cikin Coartem tun a watanni ukun farko. Fansidar na rigakafi kuwa sai ciki ya kai mako 13 ake farawa. Kafin nan gidan sauro ne garkuwa. A duba fitsari da ciwon sanyi, a auna yawan jini, a kuma san rukuninsa. Mace mai jini negetib, in na mijinta fozitib ne, tana iya buƙatar allurar anti-D don kare cikin gaba, musamman in ciki ya wuce mako 12 ko an yi mata wankin ciki ko aikin cikin waje. Irinsu ba su da yawa a cikinmu, shi ya sa ake mantawa da su.

Sau da yawa kafin mace ta zo wurinmu, ta riga ta aika an tambayar mata malam: wannan jinin, in bar salla ko in ci gaba? Tambaya ce mai kyau. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jinin da mai ciki ta gani ana iya lissafa shi haila, Hanafiyya da Hambaliyya kuwa jinin ciwo suke ɗaukarsa. Wannan fagen malamai ne, su za su ba ta hukuncin ibadarta. Inda matsala take shi ne a ji kalmar haila a saki jiki, a ce ai wasu mata suna al'ada a kan ciki. A wajen jiki, kowane jini a kan ciki yana da inda ya fito, kuma sai an duba ake sani. Haka zancen kwantaccen ciki. Mace ta ga jini, laulayi ya ɗauke, ciki ya daina girma, sai a ce ya kwanta, zai tashi in Allah Ya so. Malaman fiƙihu sun tsawaita muddar ciki a shari'a, hakan kuma ya kare mutuncin mata da nasabar 'ya'ya a gaban alƙali. Amma abin da muke tararwa a hoto shi ne tayin da ya daina rayuwa yana zaune a mahaifa, ko kuma mahaifa wayam, ya fita tuni ba a lura ba. Na farkon in ya daɗe yana iya jawo ruɓa da zazzaɓi da ɓallewar jini.

Duk wannan yana faruwa ne a watannin da muka fi ɓoye ciki. Kunyar ɗan fari, tsoron baki, da jiran sai ya yi motsi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 18 kacal cikin 100 a Najeriya ke fara awo a watanni ukun farko. Ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta rasa mata kusan 75,000 a 2023 a dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya, ba ta da halin barin waɗannan watanni a duhu. Ba sai an sanar da unguwa ba. Miji ya sani, da mutum ɗaya da zai iya fita neman mota da tsakar dare.

Wadda aka duba aka sallama gida, aikinta sa ido ne. Ta yi amfani da audugar mata maimakon tsumma don ta iya ƙirgawa, ta lura da launi. Ƙasa-ƙasa tsohon jini ne ke fita, ja wur sabo ne. In tana jiƙa auduga sharkaf cikin awa ɗaya, ta sake, ta kuma jiƙa, ko gudaji manya na faɗowa, ko mara ta murɗa ta gefe ɗaya, ko kafaɗa ta ɗauki ciwo, ko ta ji jiri kamar za ta faɗi in ta miƙe, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Kuma asibitin da ke da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini za a nufa kai tsaye. In wani abu mai kama da tsoka ya fita, a sa shi a leda mai tsabta a tafi da shi, yana taimaka wa likita ya gane ko ya fita duka, ko kuma irin cikin nan ne mai kama da ƙwan kwaɗo da ke buƙatar bibiya ta musamman. In jinin kaɗan ne amma ya wuce kwana 14, a koma. In ya ɗauke, a fara awo, kuma a faɗa wa ungozoma an taɓa ganin jini, don irin wannan ciki ya ɗan fi sauran yiwuwar fashewar faya da wuri ko haihuwar bakwaini.

In kuma ƙaddara ta riga fata, ba kowane ɓari ke buƙatar wankin ciki ba. Ana iya jira mako ɗaya zuwa biyu jiki ya fitar da kansa, ana iya ba da magani a ƙarƙashin kulawa, ana iya zuƙewa da sirinji, gwargwadon jinin da halin da mace take ciki, kuma a tambaye ta wanne ta fi so. Mafi yawan matan da suka yi ɓari ɗaya suna haihuwa lafiya a cikin gaba. Waɗanda ke yi sau uku ko fiye ba su kai biyu cikin 100 ba, kuma su bincike ya kamace su, su da mazajensu, kafin wani cikin ya shiga. A kuma bar mace ta yi kukanta. "Ai bai zama mutum ba" magana ce da ba ta taɓa sanyaya zuciyar uwa ba.

Ranar da mako ya cika, tun ƙarfe takwas suna bakin ƙofa, wannan karon har da mijin, yana tsaye nesa yana murza hula a hannu. Jinin ya ragu amma bai ɗauke ba. Likita ta saka na'ura, ɗakin ya yi tsit, ta juyo da allon wajen yarinyar ta nuna da yatsa. Tayi milimita 11, a tsakiyarsa wani ɗan fari yana ƙyaf-ƙyaf da sauri kamar ƙiftawar ido. Hajiya ta matso ta ƙura ido ta daɗe, ta ce, "Wannan ɗan abin ne zuciyar? Allahu Akbar." Da muka fito ta sake tambaya ko yanzu za a rubuta maganin riƙewa. Na ce cikin fari ne, ba ta taɓa ɓari ba, ba ta cikin waɗanda yake wa amfani. Muka ba su folik asid da gidan sauro da katin awo, na sake lissafa wa mijin alamomin da in ya gani zai kawo ta ko ƙarfe nawa ne, ya maimaita mini su ɗaya bayan ɗaya.

Har sun kai ƙofa yarinyar ta dawo da baya. "Anti, to zan iya yin shara?"

Na ce ta yi.